Darasi na Tara: Wuraren Buɗe Ido a Gozaki da Ƙasar Katsina-Laka

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya abubuwa huɗu. Ya faɗi dalilin da ke sa baƙi ziyartar ƙasar manoma. Ya lissafa muhimman wuraren da ake iya nuna wa baƙo a Gozaki da kewayenta. Ya bayyana alaƙar da ke tsakanin dutse da ruwa da gona da kasuwa a tarihin yankin. Sannan ya san ladubban karɓar baƙo da na kai ziyara.

Gabatarwa

Da yawanmu idan aka ce yawon buɗe ido, hankalinmu kan tafi ga manyan birane masu dogayen benaye, ko bakin teku, ko gidan namun daji. Ba mu cika kawo gona da rumbu da dutsen bayan gari cikin lissafi ba, saboda a cikinsu muka tashi, ido ya saba da su. Amma akwai ƙasashen da manoma ne ke jawo baƙi daga nesa, kuma abin da baƙin ke biyan kuɗi su gani bai wuce gonaki da duwatsu da bukukuwan kaka ba. Za mu fara da misali guda daga nesa, sannan mu dawo gida mu duba abin da Allah ya hore mana.

Misali daga nesa: lardin Mendoza

Mendoza lardi ne a yammacin ƙasar Ajantina da ke Kudancin Amurka. Yana gindin jerin tsaunukan Andis, inda tsaunin Akonkaguwa yake. Tsayin wannan tsauni ya kai mita 6,961, kuma in an fita nahiyar Asiya babu wanda ya kai shi a duniya.

Ƙasar Mendoza busasshiya ce. Ruwan saman da birnin Mendoza ke samu a shekara bai wuce milimita ɗari biyu da 'yan kai ba, ko rabin na Katsina ta arewa bai kai ba. Abin da ya rufa wa mutanen lardin asiri shi ne ƙanƙarar da ke taruwa a kan tsaunuka, wadda ke narkewa ta gangaro cikin koguna. Tun kafin zuwan Turawan Sifen, mutanen asalin wurin sun haƙa hanyoyin ruwa suna ban-ruwa. An kafa birnin a 1561, girgizar ƙasa ta rusa shi a 1861, aka sake gina shi da faffaɗan tituna da filaye, kuma har yau lambatun ban-ruwa na bin gefen titunan suna shayar da itatuwa.

Babban abin da suke nomawa inabi ne, kuma yawancinsa giya suke yi da shi, abin da Musulunci ya haramta. Ba wannan ne abin koyi ba. Abin lura shi ne yadda suka tsara ƙasarsu ta zama abin kallo. Baƙo yakan zaga gonaki a kan doki ko keke, a nuna masa yadda ruwa ke zuwa daga tsauni har gindin shuka. Yakan hau hanyar tsauni ya ga wata gadar dutse da ba hannun mutum ya gina ba, wadda suke kira Gadar Inka. Kuma tun 1936 suke yin babban bikin kaka a farkon watan Maris, domin lokutan shekararsu sun saɓa da namu. A taƙaice, sun haɗa dutse da ruwa da gona da biki suka mai da su labari ɗaya, suka kuma koyi ba da labarin.

Waɗannan abubuwa huɗu duk muna da su. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasarmu: Katsina-Laka

Gozaki tana cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, a kudancin Jihar Katsina, jihar da aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba, 1987. Shiyyar Funtuwa, wadda Ƙafur ke ciki, tana da ƙananan hukumomi 11: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Ƙafur, Malumfashi, Musawa da Matazu.

Tun zamanin da ake kiran wannan ɓangare Katsina-Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa mai rairayi. Ruwan sama a nan yakan kai kusan milimita 1,000 a shekara, damina kuma ta fi ta arewa tsawo. Shi ya sa auduga da dawa da masara da waken suya da shinkafa da rake ke yi sosai, har ake ɗaukar yankin a matsayin rumbun jihar.

Abin kallo na farko: duwatsu

Duk wanda ya bi hanya daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ko ya ratsa ta Ƙanƙara da Faskari, zai ga duwatsu sun taso tsakiyar gonaki, wasu masu santsi, wasu kuma manyan ƙwallaye a ɗore kan juna. Masana ilimin ƙasa sun ce suna cikin tsofaffin duwatsun Afirka. Asalinsu a ƙarƙashin ƙasa suke. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasa mai laushi da ke rufe da su, tsawon zamani mai nisa, mai taurin ya rage a tsaye. Dangin duwatsun nan su ne Kufena na Zariya da Kwatarkwashi na Jihar Zamfara.

Me ya sa kakanninmu suka so zama kusa da dutse? Dalilai uku ne manya. Na farko tsaro: daga kan dutse ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, kuma mata da yara na samun mafaka a kogunan dutsen. Na biyu ruwa: dutse ba ya shan ruwan sama, sai ya zubo da shi gindinsa, saboda haka rijiyar da aka haƙa a nan ba ta saurin ƙafewa. Na uku albarkar ƙasa: ɓurɓushin dutse da ganyen da ruwa ke wankowa suna ƙara wa gonar gindin dutse ƙarfi. Ban da wannan, daga dutsen ake samun dutsen niƙa, a kan fa kuma ake shanya hatsi da barkono.

Saboda haka idan ka kai baƙo kan dutse, kada ka tsaya ga cewa yana da kyau. Nuna masa inda tsohon gari ya zauna, da inda ruwa ke bi, da yadda gonaki suka fi duhu a gindinsa. Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, da sassafe ko da la'asar, kafin hazon hunturu ya rufe nesa. A tsakiyar damina dutse na da santsi, a bazara kuma yana ƙona ƙafa.

Abin kallo na biyu: tsofaffin garuruwa

Masu tarihi na ambaton Gozaki tare da Maska cikin tsofaffin cibiyoyin mulki na Katsina-Laka, waɗanda suka yi suna da auduga da saƙa tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Akwai kuma Birnin Kogo a ƙasar Faskari da Pauwa a ƙasar Ƙanƙara. Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi ɗan yankin ne, wato Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a 2005. Littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981.

Garuruwa irin waɗannan ganuwa ake kewaye su da ita, da gwalalo a bayanta, da ƙofofi da ake rufewa da dare. A kan bar fili a cikin ganuwa domin noma idan abokan gaba suka yi wa gari zobe. A yau abin da ya rage a yawancin wurare shi ne tudun ƙasa mai tsawo, da ramukan marina da suka cike, da tsofaffin kukoki, da katangar tukwane da garma ke tonowa. Ga wanda bai sani ba, tudu ne kawai. Ga wanda aka yi wa bayani, shaida ce ta cewa an yi mulki da ciniki a nan shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Sunayen sarautu ma suna riƙe da tarihi. Hakimin Funtuwa shi ne Sarkin Maska, hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa. Ka ga ke nan sarautar ta tashi daga tsohon gari ta koma sabo, amma ta tafi da sunan tsohon. Malumfashi ita ce mazaunin Galadiman Katsina, ɗaya daga cikin manyan 'yan majalisar Sarki. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, tsohon Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya, ya riƙe wannan sarauta har rasuwarsa a 2019. Bakori kuwa mazaunin Makaman Katsina ce. Ƙofar fadar kowane hakimi wuri ne da baƙo zai so gani, musamman ranar hawan salla.

Abin kallo na uku: hanyar auduga

Idan inabi ne ya yi wa Mendoza suna, mu auduga ce ta yi mana. Kuma ana iya bin sawunta tun daga gona har riga.

A gargajiyance, bayan an ɗebo auduga daga gona, mata ke gurje ta su raba ta da angurya. Sai a yi shiɓa da baka, a kaɗa ta da mazari ta zama zare. Masaƙa su saƙa fari ko saƙi, marina su rina da baba, a kai wa masu bugu su fito da sheƙinsa, sannan fatake su ɗauka zuwa Kano da sauran kasuwanni. Sana'a ɗaya tana ciyar da gidaje bakwai ko takwas.

Da Turawa suka zo, sai hanyar ta canza. Masaƙun Ingila na neman auduga, don haka kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya gina injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Aka buɗe gonar gwajin iri a Daudawa ta ƙasar Faskari, aka kakkafa fuloti inda manomi ke kai audugarsa a duba kyanta a auna. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Wannan ne ya ɗaga Funtuwa, ta zama babban gari, tsofaffin birane irin su Maska da Gozaki da dogo bai bi ta kansu ba suka koma baya. Daga baya aka gina masaƙar zamani a Funtuwa. A tsakiyar shekarun 1970 kuma aka zaɓi Funtuwa, tare da Gusau da Gombe, domin fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya. Shirin ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, kuma tun daga lokacin masara ta riƙa ƙwace filin da auduga ke ci.

Saboda haka baƙon da aka kai gonar auduga a watan Nuwamba ko Disamba, aka nuna masa tsohuwa na kaɗi, aka wuce da shi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa da unguwar injin gurza, ya ga tarihin shekara ɗari biyu a yini guda. Gani ya kori ji.

Abin kallo na huɗu: ruwa da fadama

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya samo tushe. Daga nan yake gangarawa ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Gulbin Rima a Sakkwato, daga ƙarshe ya faɗa Kogin Kwara. Dalili shi ne ƙasarmu tudu ce, ruwa daga gare ta yake rabuwa ya nufi wasu jihohi.

Madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye da ke kusa da Funtuwa, da madatsar Malumfashi, suna ba garuruwa ruwan sha, masunta na kama kifi, masu noman rani na ban-ruwa. A fadamun Ɗanja da Bakori da Ƙafur ana noman rake da tumatir da albasa da alkama. Wurin da ake matse rake a dafa ruwansa a zuba a mazubi ya daskare ya zama mazarƙwaila abin kallo ne ga ɗan birni, kuma da wuya ya tafi bai sayi tsaraba ba.

A ƙasar Faskari kuma akwai dajin Kogo, wanda ke cikin dazuzzuka goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mai da su gandun daji na ƙasa.

Abin kallo na biyar: kasuwa da bikin kaka

Kasuwannin hatsi na Ɗandume da Funtuwa da Bakori suna cikin manya a arewacin Nijeriya. Ranar kasuwa manyan motoci kan yi layi suna lodin masara da dawa da waken suya zuwa kudancin ƙasar nan da Jamhuriyar Nijar. Baƙo zai ga yadda dillali ke shiga tsakani, da yadda ake awo da tiya da mudu, da yadda 'yan dako da masu ɗinkin buhu ke cin abincinsu.

Da an kai amfani gida, sai wasanni su tashi: dambe, da kokawa, da kalankuwar samari da 'yan mata, da bukukuwan aure. A ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur akwai Maguzawa da suka riƙe tsofaffin al'adun noma da na biki. Su maƙwabtanmu ne kuma 'yan'uwanmu, don haka duk wanda zai kai musu baƙo ya nemi yardarsu tukuna. Yankin kuma ya fitar da Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya zauna Funtuwa ya kuma rasu a 1999. Sunansa kaɗai ya isa ya sa masu sha'awar waƙar Hausa su tako.

Abin da ke hana baƙi zuwa

Babbar matsala ita ce tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara shekaru da dama, kuma duniya ta ji labarin sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Babu baƙon da zai zo kallon dutse a inda manomi ke tsoron zuwa gonarsa. Don haka kada a kai kowa daji ko ƙauye mai nisa sai an tambayi masu gari da jami'an tsaro.

Matsala ta biyu daga gare mu take. Ana ɗibar ƙasar ganuwa a yi bulo. Ana fasa duwatsu a sayar da tsakuwa ba tare da an duba ko akwai tarihi a jikinsu ba. Ana sare tsofaffin itatuwa a yi gawayi. Dattawan da suka san labarin gari suna rasuwa ba a rubuta abin da suka sani ba. Matsalar tsaro tana iya wucewa, in Allah ya so, amma ganuwar da aka kwashe ba ta dawowa. Wannan ɓangaren ba sai mun jira gwamnati ba. Wanda ya koyi karatu da rubutu a wannan aji ya riga ya sami makamin da zai adana tarihin garinsu.

Ladubban ziyara

Baƙo ba ya faɗa wa gari kai tsaye. Ana fara kai shi wurin mai unguwa ko dagaci. Ga misalin yadda ɗan rakiya zai gabatar da shi:

Ɗan rakiya: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da hutawa.

Mai unguwa: Wa alaikumus salam. Barka kadai, ɗana. Lafiya dai ko?

Ɗan rakiya: Lafiya lau, ranka ya daɗe. Baƙo na yi daga Kano, malamin makaranta ne. Yana so ya ga tsohuwar ganuwa, ya kuma hau dutse, in an ba mu izini.

Mai unguwa: Madalla. Malam, sannu da zuwa, ya hanya? A kawo masa ruwa tukuna. In ya huta, zan haɗa ku da wanda ya san wurin.

Bayan izini, sai a kiyaye waɗannan: kada a ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da yardarsa. Kada a ratsa gona mai shuka. Kada a ɗauke komai daga kufai, ko da katangar tukunya ce. Kada a yi rubutu a jikin dutse ko a zubar da leda. A sallami ɗan rakiya da abin da aka yi yarjejeniya tun farko. Mai masauki kuma kada ya tsawwala wa baƙo farashi don ya ga ba ɗan gari ba ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma baƙon da ya ji daɗi shi ke turo wani.

Taƙaitawa

Duwatsu ne suka ba kakanninmu mafaka da ruwa, suka kafa garuruwa irin su Gozaki da Maska. Laka da ruwan sama suka ba su auduga. Auduga ta jawo dogo da injin gurza, su kuma suka ɗaga Funtuwa da Malumfashi. Masara da sauran hatsi suka raya kasuwannin yau. Wanda ya iya jera wannan bayani, yana nuna kowane wuri da hannunsa, ya zama ɗan rakiyar baƙi, kuma sana'a ce da ake ci da ita a ƙasashe da yawa.

Tambayoyi

1. Daga ina manoman Mendoza ke samun ruwan ban-ruwa?
2. Me ya sa ake kiran kudancin Katsina da suna Katsina-Laka?
3. Kawo dalilai uku da suka sa mutanen da ke kafa gari kusa da dutse.
4. Wace sarauta hakimin Funtuwa ke riƙe da ita, kuma me sunan ke nuna mana?
5. Jera matakan da auduga ke bi daga gona har ta zama riga.
6. A wace shekara layin dogo ya isa Ƙaura Namoda, kuma wane canji ya kawo wa Funtuwa?
7. Wane babban gulbi ne ya samo tushe kusa da Funtuwa?

Aikin lissafi

Wani ɗan rakiya ya karɓi baƙi 6, kowannensu ya biya shi naira 2,000. Ya kashe naira 4,500 a kuɗin mota da ruwan sha. Nawa ya rage masa?

Aikin gida

1. Ku rabu uku-uku. Kowace ƙungiya ta ziyarci dattijo ko dattijuwa ɗaya a unguwarku, ta tambayi sunayen ƙofofin gari na da, da inda marina da masaƙa suke. Ku rubuta abin da kuka ji cikin jimla goma.
2. Rubuta sunayen kasuwanni biyar mafi kusa da ku, da ranar da kowacce ke ci, da kayan da ta fi shahara da su.
3. Zana taswirar garinku a takarda, ka sa alamar dutse, da rafi, da masallacin Juma'a, da kasuwa, da gidan mai gari. A kawo ranar darasi na gaba domin a haɗa su a manna a bangon aji.